Genzo Mai Manga da Gasar Jan Igiya

Genzo Kuramochi bai taɓa jan wata igiya ba a rayuwarsa in ban da ta labulen shagonsa. Amma ranar da 'yan Layin Tasha suka taru don zaɓen wanda zai horar da su saboda gasar jan igiya, shi ya fara miƙewa, tun mai magana bai rufe baki ba.

Tsofaffin littattafan manga, wato labarai cikin zane, yake sayarwa a tsakiyar layin, ko kuma a ce yake karantawa, don sau da yawa mai saye zai miƙa hannu ya ɗauki littafi, sai Genzo ya ce, "Dakata, ban gama da wannan ba." Tun yana ɗan firamare yake cikinsu, ga shi yanzu furfura ta cinye kai. Na 'yan dambe, na 'yan ƙwallo, na masu takobi, babu wanda bai haddace ba. Da yamma kuma ya kunna talabijin ya kalli waɗanda aka mayar fim ɗin zane, yana gaya wa jarumi abin da zai same shi tun bai same shi ba.

Gasar kuwa ba ƙaramin abu ba ce a garin. Duk shekara bayan girbi, ranar wasannin unguwa, Layin Tasha da Layin Bakin Ruwa suke karawa a filin makarantar firamare. Waɗanda suka ci, su za su ɗauki karagar haikali a kafaɗa ranar biki, su bi da ita ta layinsu ana kiɗa. Waɗanda aka ka da kuma su biyo baya da tsintsiya. To, 'yan Bakin Ruwa masunta ne da masu dakon kifi, kowanne damtsensa kamar turmi. 'Yan Tasha kuwa mai aski ne da tela da mai gyaran agogo. Sun daɗe suna shara.

Bana dai an sami sauyi. Daigo, ɗan mai shagon shinkafa, ya dawo daga birni ya karɓi shagon ubansa, ƙaton mutum mai sanyin hali wanda ke saɓa buhu biyu yana gaishe da mutane. Sannan Inna Umeno mai wainar shinkafa, wadda ta girmi kowa a layin, ta ce ƙarshen shekara za ta rufe shagonta, kuma babu abin da take so kamar ta ga karagar ta sake bi ta ƙofarta kafin nan. Rabonta da ganin haka tun mijinta na da rai.

"Ku dube ni da kyau," in ji Genzo a wajen taron. "Shekara da shekaru kuna shan kaye. Kun san dalili?"

Nonomura mai aski, siririn mutum mai yawan tsoro, ya ce, "Sun fi mu ƙarfi."

"Ƙarfi? Tun da nake karatu ban taɓa ganin inda masu ƙarfi suka ci gasa ba. Masu ƙarfi su ci zagayen farko, su yi dariyar mugunta, shi ke nan nasu ya ƙare. Ƙungiyar da ke ɗaukar kofi ita ce ta ragwaye, ta marasa fasali, wadda kowa ke nunawa da baki." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya jinjina kai. "Ban taɓa ganin ƙungiyar da ta cika sharaɗi kamarku ba."

Mutane suka dubi juna. An rasa wanda zai ce yabo ne ko zagi.

Matarsa Tokiko ta jawo bayan rigarsa. "Baban Mika, zauna. Jiya murfin kwalba ya gagare ka, sai da na buɗe maka."

"Malamin jarumai ba ya buɗe kwalba. Kai ne ke aiki, ba hannu ba."

"To, kan ma ai ni nake buɗe maka."

Aka yi dariya. Inna Umeno ce kaɗai ba ta yi ba. Ta leƙo ta saman tabarau, ta kira shi da sunansa na yarinta, ta ce, "Gen-chan, ni tambayata ɗaya. Karagar za ta bi ta ƙofata?"

Genzo ya bugi ƙirji har ya yi tari. "Inna, ki fara wanke kofuna. Masu ɗaukar karaga za su sha shayi a ƙofarki."

Da yake babu wani mai son aikin, aka bar masa. Nan take ya kafa doka cewa daga yau Sensei, wato Malam, za a riƙa kiransa. Ya kuma daina aske gemu, don bai taɓa ganin malamin jarumai ba farin gemu ba.

Ran Lahadi ya kwashe su zuwa bayan gari. Ya ce babu ƙungiyar da ta taɓa cin komai ba ta shiga dutse ta zauna ƙarƙashin magangarar ruwa ba. Suka yi ta hawa, tela na nishi, mai gyaran agogo na tambayar ko akwai mota a komawa. Da suka isa inda Genzo ya tuna akwai magangara, sai suka tarar da bakin wani bututun ban ruwa yana ɗiga a kan dutse, ɗis, ɗis.

"Wannan ce?" in ji Nonomura.

"Da can ta fi haka. Amma ba yawan ruwa ake dubawa ba, zuciya ake dubawa. Ku matsa ku ga yadda ake yi."

Ya tuɓe ya rage gajeren wando, ya naɗe ƙafa a ƙarƙashin bututun, ya rufe ido. Sanyi ya sa haƙoransa suka fara kaɗawa, amma ya daure. "Ku lura," ya ce. "Mai horo na gaskiya, ko dutse ne ya faɗo masa, ba ya motsi."

A can sama kuwa, manomin da ke da gonar ƙasa ya ga lokacin ban ruwa ya yi, ya murɗa ƙofar madatsa. Bututun ya yi wani gurnani. Daigo ya ce, "Kawu, wato Sensei, kamar akwai..."

"Kada ka katse mai tunani."

Ruwa ya ɓarke kamar an harbo shi. Ya ɗauki Genzo a yadda yake, ƙafa a naɗe, ya gangara da shi ta cikin kwata, ya juya shi, ya sake juya shi, ya dire shi tsakiyar gonar kabeji. Da suka sauko a guje suka same shi zaune cikin taɓo da ganye a ka, gajeren wandon kuma ya yi gaba abinsa. Manomin ya iso da fartanya yana tambayar wane ne zai gyara masa kunyoyi. Ƙungiyar Layin Tasha ta ƙare yinin nan tana gyaran kunya, Sensei na ba da umarni daga cikin buhun taki da aka huda masa ya sa.

"Wannan ma yana cikin horon," ya ce musu a hanyar gida. "Malami yakan sa almajiransa aikin da ba su gane amfaninsa ba sai ranar gasa."

Kafin su iso gida labari ya riga su. Matan layin suna tsaye a ƙofofin shaguna, kowacce ta rufe baki da hannu, kafaɗa na rawa. Tokiko ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Takin ne aka sayo, ko kyauta aka ba ku?"

Bai kula ta ba, don kansa na kan mataki na gaba: dabarar sirri. Ya ce duk ƙungiyar kirki tana da dabara guda mai suna, kuma dole a kira sunan da ƙarfi kafin a yi ta, in ba haka ba ba ta ci. Ya yi kwanaki yana zagaye a shago yana magana shi kaɗai, sannan ya tara su a gangaren layin ya sanar da su.

"Sunanta: Jan Dodon Teku Mai Kai Tara Wanda Ya Haɗiye Wata Ya Yi Gyatsa da Tsawa!"

Tela ya sosa ƙeya.

"Ba za a iya rage shi ba?" in ji tela.

"Gajeren suna na ƙananan mugaye ne. Ga yadda take. Da na fara kiran sunan, kowa ya sassauta hannu, ya ja dogon numfashi, ya tara ƙarfi a ciki. Da na ce 'Tsawa', sai a fizga gaba ɗaya."

Ya sa suka yi ta maimaitawa ba igiya, har ta kai da zarar ya ce "Jan Dodon", hannuwansu kan saki da kansu. Daga nan ya ce a gwada a kan abu mai nauyi. Akori-kurar shagon shinkafa na ajiye a saman gangaren. Ya ɗaura mata igiya a gaba da hannunsa, sannan ya faki ido ya leƙa ciki ya sauke burkin hannu, don a littafi almajirai na buƙatar ƙaramar nasara da za ta ƙarfafa musu gwiwa.

Ya kira sunan tun daga Dodo har Tsawa. Suka fizga. Motar ta motsa.

"Ta motsa!" Nonomura ya yi ihu. "Sensei, ta motsa!"

"Me na gaya muku?"

Motar ta ci gaba da motsawa. Igiya ta yi sako-sako, ta kwanta a ƙasa, motar ba ta tsaya ba.

"Sensei, yaya ake kiran sunan tsayarwa?"

Kowa ya yi ta kansa. Tela ya faɗa cikin kwandon mai kayan miya, mai gyaran agogo ya haye akwatin wasiƙu. Motar ta gangaro a hankali kamar mai zaɓen inda za ta, ta wuce shagon aski, ta wuce na Inna Umeno, ta karkata ta shige kantar littattafan da ke ƙofar Genzo, ta farfasa gilashin shagon. Littattafai suka tashi sama kamar tattabaru. Da Daigo bai bi ta ya riƙe ƙarfen bayanta ba, da ta kai har inda Tokiko ke dafa shayi.

Tokiko ta fito da buta a hannu. Ta dubi motar, ta dubi mijinta.

"Ƙarfinmu ne ya fi ƙarfinmu," in ji Genzo. "Haka ake yi in dabara ta fara nuna."

"Mai gilashi ma zai nuna maka tasa dabarar in ya zo."

Maƙwabta suka taya kwashe littattafai suna ƙunshe dariya. Inna Umeno ta miƙo masa guda da ya faɗa cikin kaskonta ta ce, "Gen-chan, na fa wanke kofunan."

"Ki ƙara da na baƙi, Inna."

Ana saura 'yan kwanaki, Genzo ya ce lokacin shelar yaƙi ya yi. Ya ɗaura farin ƙyalle a goshi, ya nufi Layin Bakin Ruwa shi kaɗai. Shugaban 'yan can Hasebe ne mai sayar da kifi, wanda suka yi aji ɗaya da Genzo, kuma tun a lokacin yake cinye masa abincin rana. Genzo ya tsaya a ƙofar shagon, ya ware ƙafa, ya nuna shi da yatsa.

"Hasebe! Na zo in gaya maka ranarka ta zo."

Hasebe bai ɗago daga kifin da yake gyarawa ba. "Gen-chan ne? An ce ka je wanka gonar kabeji. Yaya ruwan?"

"Yi dariyarka. Kowane mugu sai ya yi dariya kafin babin ƙarshe."

"Mene ne wannan a haɓarka? Matso in kankare maka, ga wuƙa a hannuna."

"Gemun malamai ne."

"Au, na zaci miya ce ta bushe."

Ran Genzo ya ɓaci, ya ga gara ya fito da babban makami. A duk littafin da ya karanta, gwani yakan tsaya ya bayyana wa abokin gaba yadda dabararsa ke aiki dalla-dalla, shi kuma abokin gaban sai gumi ya keto masa. Don haka ya bayyana komai: sunan, da sassauta hannun, da jan numfashin, da fizgar ƙarshe.

Hasebe ya ajiye wuƙa. "Tsaya in gane. Wato duk lokacin da kake kiran sunan nan, mutanenka ba sa ja?"

"Suna tara ƙarfi."

"Sunan kuma da tsawo?"

"Sai na yi numfashi a tsakiya."

"Kai! Abin tsoro." Ya juya ya ƙwala wa masu dakonsa kira. "Ku zo ku ji abin da zai hallaka mu. Gen-chan, daure ka sake faɗa, a hankali, don tsoron ya shige su sosai."

Genzo ya sake faɗa, har da ɗaga hannu sama. Ya ga ƙattin suna cije leɓe, idanunsu na ƙwalla, ya tabbata tsoro ne. Sai ya juya zai tafi. Jarumi in ya gama shela ba ya waiwaye, kuma ba ya kallon ƙasa. Ya ɗaga haɓa, ya taka ƙanƙarar da ta zubo daga tiren kifi, ƙafafunsa suka yi sama, ya zauna daram cikin bahon ƙaguwa. Ƙaguwoyin da ransu. Ihun da ya yi har tasha an ji shi, kuma guda ɗaya ba ta sake shi ba sai da ya kai kwanar gidan wanka.

Wannan ne ya sa ya yi jajibirin gasa a tsaye. A tsayen ya kira Daigo bayan shago ya rage murya.

"Duk abin da ka gani a baya share fage ne. Ainihin shirin kai ne. Gobe ba za ka fito fili tare da mu ba."

Daigo ya yi sororo. "Amma Kawu, an ce kowa ya zo da wuri."

"Jarumi ba ya zuwa da wuri! Ka taɓa ganin littafin da jarumi ya zo da wuri ya zauna yana jiran a kira sunansa? Sai an ci 'yan'uwansa, an tumurmusa su, mata sun fara kuka, mugu ya buɗe baki zai yi dariya, sannan a ga inuwa daga nesa. Za ka ɓuya a ɗakin ajiye kayan wasa na bayan fili. Kada ka motsa sai ka ji na ce 'Tsawa'. Da ka ji, ka banko ƙofa, ka sheƙo, ka ce, 'Ku gafarce ni, na sa ku jira!' sannan ka kama igiya."

"Ba zai fi sauƙi ba in kama ta tun farko?"

"Zai fi sauƙi. Shi ya sa ba a yi."

Ya ciro jan mayafin tebur na Tokiko daga cikin riga ya ba shi ya ɗaura a wuya. Daigo mutum ne da bai iya musu da manya ba. Ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya.

Ranar gasa gari ya yi kyau, filin makaranta ya cika. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi sun buɗe akwatunan abinci. A gefe guda an kafa babbar rumfa ta manyan baƙi: shugaban unguwa, da malamin haikali, da dattawa, ana zuba musu koren shayi. Inna Umeno ta zo da tukunya da ludayi don kiɗa wa 'yan layinta. Dokar ita ce, wanda ya ci sau biyu cikin uku ya yi nasara.

Da aka jeru a kan igiya Nonomura ya waiga baya, ya sake waigawa. "Sensei, ina Daigo?"

"Yana inda ya kamata."

Tokiko ta taso daga kan tabarma. "Baban Mika, ina ka kai ɗan mutane? Kuma ina jan mayafina?"

Usur ya cece shi. Zagayen farko bai ɗauki lokacin da mutum zai kurɓi shayi ba. 'Yan Bakin Ruwa suka ja sau ɗaya, 'yan Tasha suka taho kamar an kira su cin abinci.

"Madalla!" in ji Genzo yana kakkaɓe gwiwa. "Komai na tafiya bisa tsari."

"Tsarin wa?" in ji tela. "Nasu?"

A zagaye na biyu sai wani abin mamaki ya faru. 'Yan Bakin Ruwa sun raina abin, wasu ma da hannu ɗaya suka riƙe. Inna Umeno kuwa ta matso har bakin layi tana dukan tukunya, tana ihu da muryar da ba a san tana da ita ba: "Ja! Ja! Ja!" 'Yan Tasha suka kama kiɗan, suka kafe duga-dugai, suka kwanta baya. Jan ƙyallen da ke tsakiyar igiya ya tsaya cak. Sannan ya matso wajensu kaɗan. Ya ƙara matsowa. Fili ya ɗauki sowa. Fuskar Hasebe ta sauya, ya fara yi wa mutanensa tsawa.

Genzo, da ke gaban layi, ya ɗago kai. Ya gane wurin. A littafi, nan ne daidai inda lokaci ke tsayawa, jarumi ya tuna ƙuruciyarsa shafi bayan shafi, kowa ya dakata ya saurara. Ya saki hannu ɗaya, ya juyo ya fuskanci mutanensa.

"'Yan'uwa! Ina yaro ƙarami, wata rana ana ruwan sama, mahaifina ya kira ni..."

"Ja, Sensei!" Nonomura ya yi ƙara, jijiyoyin wuyansa a waje.

"...ya ɗora hannu a kaina, ya ce, Genzo..."

"Gen-chan, kama igiya!" in ji Inna Umeno.

Genzo ya ga masu sauraro ba su da haƙuri, ya yanke shawarar tsallake ƙuruciyar ya tafi kan babban abu. Ya cika ƙirji da iska, ya nuna sama.

"Jan Dodon Teku..."

Horo ya yi aikinsa. Ba tare da sun yi niyya ba, hannuwan 'yan Tasha suka sassauta, kowa ya ja dogon numfashi.

"Yanzu!" in ji Hasebe.

Genzo ya kai kan "Haɗiye" ke nan ƙasa ta taso ta same shi a baki, ya haɗiye ta. Igiya ta kwashe shi a kan ciki, tela ya hau bayansa, mai gyaran agogo ya hau bayan tela, Nonomura ya zo a ƙarshe ya zauna a kan kowa. Alƙalin wasa ya busa usur yana riƙe da ciki.

Inna Umeno ta sauke ludayi. Ta koma gefen fili ta zauna a kan tukunyarta. Mutanen Layin Tasha suka kasa kallon wajen.

Aka share fili don rawar tsofaffin mata. Masu kula da kaya suka zarga bakin igiyar a jikin ginshiƙin rumfar baƙi don su ji daɗin naɗe ta. Mai sanarwa kuma, bisa al'ada, ta kira shugabannin ƙungiyoyi su ce wani abu a lasifika. Hasebe ya gode wa kowa a taƙaice, ya miƙa wa Genzo abin magana yana murmushi.

Da wani ne, da ya sunkuya ya ba da haƙuri ya sauka. Genzo ya tofar da yashi ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, abin da kuka gani ba kaye ba ne, rashin ladabi ne. Tun da aka fara zana littafi, ba a taɓa kai wa mutum hari yana tsakiyar kiran sunan dabararsa ba. Ko aljanun cikin littafi suna jira! Da an bar ni na ƙarasa, da yanzu wani zance ake yi. Ga abin da na so in ce, ku ji da kunnenku." Ya matso da abin maganar bakinsa. "Jan Dodon Teku Mai Kai Tara Wanda Ya Haɗiye Wata Ya Yi Gyatsa da TSAWA!"

Daga bayan fili aka ji wani garam. Ƙyauren ɗakin kayan wasa ya ɓalle daga ƙofarsa. Sai ga Daigo a guje, jan mayafi na kaɗawa a bayansa, ƙura na binsa. Ya ratsa tsakiyar tsofaffin mata masu rawa, suka dare gida biyu da mafitansu a hannu. Ya tsaya tsakiyar fili yana haki, ya buɗe murya yadda aka koya masa.

"Ku gafarce ni, na sa ku jira!"

Genzo ya ɗaga hannu biyu. "Daigo, tsaya! Ba yanzu..."

Amma Daigo ya riga ya hangi igiya a ƙasa. Ya damƙe ta, ya naɗa a damtse, ya kafe ƙafa, ya fizga da duk ƙarfin da ya yini yana tarawa a cikin duhu. Ginshiƙin ya tumɓuke. Rumfar ta yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ta kwanta rigijib a kan shugaban unguwa da malamin haikali da dattawa da butocin shayi. Babu abin da ake gani sai tudun kawuna na yawo a ƙarƙashin tamfol, wani na kiran a nemo masa haƙoransa.

Daigo ya dubi igiyar, ya dubi rumfar, ya dubi Genzo. "Sensei, mun ci?"

Filin ya fashe. Masunta suka zube ƙasa suna dukan yashi. Hasebe ya dafa kafaɗar Genzo yana share hawaye, ya ce, abin magana kuwa a kunne yake, "Gen-chan, ko da ya zo a kan kari, doka ta hana shiga bayan an busa usur. Ba ka karanta wannan ba? Ko don babu zane a ciki?"

Aka zaro manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ji ciwo sai dai shayi da ya yi musu wanka. Shugaban unguwa ya fito da rarrafe yana tambayar wane ne ya shirya wannan. Yatsun filin gaba ɗaya suka nuna wuri guda.

Sai ga Inna Umeno ta taso, tana takawa a hankali da ludayinta. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta karɓe abin maganar daga hannun Genzo kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro.

"Na fasa rufe shago," ta ce. "Ba zan rufe ƙofata a kan wannan abin kunya ba. Yau na ga ƙyallen nan ya matso wajenmu da idona, ba Daigo ma. Baɗi ni zan horar. Daigo zai tsaya a kan igiya tun kafin a share fili. Babu dutse, babu dodo." Ta juya. "Gen-chan."

"Na'am, Inna."

"Kai za ka riƙe mana takalma."

'Yan Layin Tasha suka yi sowa kamar su suka ci. Genzo ya tsaya da yashi a gemu. Can sai idonsa ya yi haske. Ya matsa kusa da matarsa.

"Tokiko, kin lura? 'Yar ƙaramar tsohuwa, wadda ba wanda ya kula da ita, ta taso a shafin ƙarshe ta karɓi ƙungiya. Irinsu ne suka fi kowa haɗari! Ai da ma abin da nake ta shiryawa ke nan tun..."

Tokiko ta buɗe akwatin abinci, ta zaɓi curin shinkafa mafi girma, ta cusa masa a baki har sai da kumatunsa suka cika.

Tafin da aka yi mata ya fi wanda aka yi wa Hasebe.